Kwana Talatin da Takwas

Duk wanda ya yi aiki a gidan burodin nan ya san Yaya ba ta yin abu rabi da rabi. Ita ce babba a gidansu, shi ya sa sunan ya bi ta, har masu furfura ma Yaya suke ce mata. In ta ce a fito da burodi ƙarfe goma, to ƙarfe goma ne, ko tanderun ya so ko bai so ba.

Tun zamanin mahaifiyarsu, gidan ne ke gasa gurasar da ake kakkaryawa a coci ranar Jibin Ubangiji: fulawa, ruwa, ɗan mai da gishiri, ba yis. Yaya ta gaji aikin, kuma ba ta yarda kowa ya sa mata hannu. Amma shekara shida ke nan ba ta kai gurasar bakinta ba. In jama'a suka tashi zuwa gaban tebur, sai ta zauna a bencin baya tana kallon takalmanta.

Dalilin kuwa Auta ne, ƙaninta. Tare suke aiki, yana kan tanderu, ga barkwanci ga son kwalba. Kullum yana tsokanarta wai hannunta na rowar gishiri. Wata rana ya sha ya yi barci, burodin yini guda ya zama gawayi. Yaya ta kore shi a gaban ma'aikata, ta ce kada ƙafarsa ta sake taka wurin. Sau biyu ya dawo bakin ƙofa, sau biyu ta aika a ce masa ba ta nan. Bayan wata guda ya faɗo daga saman wani gini inda ya samu aikin lebura, bai kai asibiti da rai ba.

Ba wanda ya ce mata laifinta ne. Ita ta yanke wa kanta hukunci, ta kuma kafa sharaɗi: sai ta yi azumin kwana arba'in na kafin Ista cif, daga safe zuwa faɗuwar rana, ba ci ba sha ba faɗa, sannan za ta iya miƙa hannu a teburin Ubangiji. Ba Fasto ne ya ɗora mata ba, da ya ji ma da ya hana. Shekarar farko zazzaɓi ya kayar da ita a kwana na goma sha biyu. Wata shekarar mai kawo fulawa ya kawo mata buhu mai ƙwari, ta wanke mutumin tas da faɗa, sai da ta gama ta tuna tana azumi. Haka dai kowace shekara da abin da ke yi mata ƙafar ungulu.

Bana kam ta ɗaura ɗamara. Ta haɗiye fushi har ma'aikata suka fara tambayar juna ko lafiya. Ranar Alhamis ta makon ƙarshe ta cika kwana talatin da takwas, saura biyu. Da hantsi ta wanke hannu ta hau kwaɓin gurasar da za a raba a sujadar yamma. Baba, mahaifinsu, yana kan kujerarsa kusa da taga, inda yake wuni tun da shanyewar ɓarin jiki ta raba shi da tanderu.

Tana murzawa tana ƙirga kwanaki a zuci, har tana ganin kanta ranar Lahadi a cikin layi. Sai hannunta ya yi abin da ya saba yi wa kowane kwaɓi shekara talatin, ban da na gurasar coci: ya gutsiro ɗan kaɗan ya kai baki. Ta tauna, ta haɗiye, sannan ta ankara.

Ta tsaya ƙiƙam, hannu a cikin kwano. Baƙin ciki ya kama ta, ba don yunwar da ta sha ba, sai don ta ga ƙofar ta sake rufewa har wata shekara.

"Gishirin ya ji?" in ji Baba.

Ta ce masa don Allah ya bar wasa, bai san abin da ya faru ba. Ya ce ya sani sarai, shanyewar jiki ta same shi, ba makanta ba. Ya daɗe yana ganin tana ƙirga kwanaki a bayan kalanda, ya kuma san don wa take yi. Ya ce ta matso kusa, muryarsa ba ta kai nesa yanzu.

"Ranar da Auta ya dawo karo na biyu, ina nan kan kujerar nan," ya ce. "Na ji muryarsa. A lokacin ƙafafuna lafiya lau. Ban tashi ba, na ce bari ya ɗan ji jiki tukuna."

Yaya ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tambaye shi to ta yaya yake iya miƙa hannu duk wata, a gaban kowa.

"Kina tsammani cancanta ke kai ni? Yunwa ce, 'yata. Shekara nawa kina gasa wa mutane gurasar nan, wa kika taɓa tsarewa a ƙofa kika tambaye shi kwana nawa ya yi? In ke ba ki tambaya ba, mai teburin ne zai tambaya?"

Ta koma kan kwanon ta gama murjin, ta shimfiɗa, ta gasa, ta naɗe a farin ƙyalle. Da la'asar ta tura Baba a kekensa na guragu zuwa coci da kanta, ta ƙi bari kowa ya kama mata.

Da aka kira jama'a, ƙafafunta suka nemi su yi mata gardama. Ta yi musu irin tsawar da take yi wa tanderu, a zuci, ta miƙe. Ba ta da kwana arba'in, ba ta da komai da za ta nuna. Matar Auta tana cikin layin, ta waigo ta gan ta, ta ɗan matsa ta ba ta wuri. Yaya ta buɗe tafin hannu, busasshen kwaɓi na nan a gefen farcenta, Fasto ya ajiye mata gutsuren kamar yadda ya ajiye wa kowa.

Ta tauna a hankali, hawaye na zuba, ba ta share ba. Da ta dawo ta zauna kusa da keken, ta sunkuyo wajen kunnen Baba.

"Baba, gishirin bai ji ba. Ashe gaskiya Auta ya faɗa."

"Shekara shida ke nan bai ji ba," ya ce. "A haka muke karɓa, ba wanda ya taɓa mayarwa."