Hannun da Ya Karɓi Kofin

Da hagu ya karɓa. Khaulat ta lura da haka tun kallon farko, a wayar wata mata da ta gitta ta gabanta. Amma ita ba mai magana a taro ba ce. Shekara huɗu ta yi a jami'a ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba.

Tun hantsi gidan gwaggonta, Hajiya Kellu, ya cika ya batse. Bidiyon da ya tara jama'ar ɗan gajere ne: ga Sha'aban, ɗan Hajiya da ke karatu a Malesiya, wani dattijo mai furfura yana miƙa masa kofin zinariya, jama'a na tafi. A ƙasa an rubuta cewa ɗan Azare ya zo na ɗaya a duniya wajen ƙera injin ban-ruwa.

"A duniya fa, ba a Bauchi ba!" in ji Madam Kezia, maƙwabciyarsu malamar firamare, tana juya masa a tanda. "Har matan cocinmu na tura wa."

Guɗa ta sake tashi. 'Yan uwa daga Katagum sun ciko mota suna hanya. An ɗaure rago a gindin darbejiya, mahauci na wasa wuƙa. Bayan azahar kuma ma'aikacin rediyo zai zo ya naɗi muryar Hajiya. Wannan ne ya tsaya wa Khaulat a rai. Idan maganar ta fita ta bakin Gwaggo, duk ƙasar Katagum ta ji, da wane ido za ta shiga taron biki gobe?

Ta shige ɗaki ta sake kallo, tana tsayarwa. Rubutun da ke bangon bayansu ba harafin kowane yare ba ne. Ta kira Sha'aban sau uku, wayarsa a kashe.

Ta fito, ta wuce Yunis, abokin Sha'aban, wanda aka shimfiɗa wa tabarma aka cika farantinsa da masa, har da goron albishir, domin shi ya fara nuna wa Hajiya bidiyon. Ta kama gefen mayafin gwaggonta.

"Gwaggo, zo ki gani."

"Ke 'yar boko, yau ma a ɗaki za ki wuni? Fito ki taka rawa!"

"Ki duba dai. Da wane hannu ya karɓa?"

Hajiya ta nisanta wayar daga idonta, ta ƙanƙance su. Murmushin ya fara janyewa. Bahago aka haifi Sha'aban, kuma kowa a gidan ya san shekarun da ta yi tana bin hannun nan da ludayi, har ya zama ko alawa aka miƙo masa sai ya sa dama, ya tallafe ta da hagu.

"Ɗana ya karɓi abu a hannun babba da hagu? A tsaye ƙiƙam, ko rusunawa babu?" Ta girgiza kai. "Wannan ba renona ba ne."

"Fuskarsa ce, daga hoton sallar bara," in ji Khaulat. "Akwai manhajar da za a ba hoto ɗaya, ta haɗa sauran da kanta."

Hajiya ta yi waje da sauri, tana ƙwala wa mahauci da 'yarta Husaina kira. "Malam, mayar da wuƙarka kube! Husaina, kira mai rediyon nan, ki ce ya yi zamansa!"

Nan take tsakar gida ta sake hargitsewa, kawuna biyar a kan kowace waya.

"Jama'a, yatsun tsohon nan shida ne!" Madam Kezia ta dafe ƙirji, dariya na cin ta. "Ni Kezia! Mata ɗari biyu na tura wa!"

"Sai ki bi su gida-gida ki karɓo," in ji Hajiya. "Masa dai ta soyu, ci za mu yi. Amma wa ya fara turo abin nan?"

Aka shiga bin sawu, wannan ta ce waccan, waccan ta ce ƙanwarta. Khaulat kuwa ta tuna wanda ya ɗauki hoton sallar bara da wayarsa. Ta ɗaga ido wajen tabarmar Yunis.

Masar tana nan ba a taɓa ba, goron a gefenta. Yunis ya riga ya kai bakin zaure, takalmansa a hannu. Suka haɗa ido sau ɗaya, ya sunkuyar da kai, ya fice.