Zaren da Inna Ta Kaɗa

Tun da aka kawo jirgin ƙasa garinmu Vang Vieng, Inna ta koyi jin tahowarsa tun yana bayan duwatsu. Idonta ya tafi, amma kunnen nan nata, kai! Ko ƙadangare ya bi ta kan kwano sai ta faɗa maka inda ya nufa. Duk jirgin da ya iso daga Vientiane, babban birni, sai ta ɗaga kai ta ce, "Bouakham, ko shi ne?" Ni kuwa in ce, "Inna, Turawa ne da jakunkunansu."

Shi ɗin Khamla ne, autanmu. Ya tafi Ostareliya karatu tun gashina bai fara fari ba, ya samu wuri ya zauna. A gaggauce ya tafi, ba a yi masa basi ba, wato ba a taru an kira kurwarsa an ɗaura masa farin zare a hannu kamar yadda ake yi wa duk matafiyi ba. Abin da yake cin Inna ke nan. A wurinta kurwar yaron tana can tana gararamba a hanya, shi ya sa ya kasa gane gida. Burinta ɗaya kafin ta mutu, ta ɗaura masa zaren nan da hannunta, ɗanta ya koma ɗan gida.

Ni sana'ata ba da hayar tiyub ɗin tayar tarakta. Samarin Turawa da 'yan matansu su karɓa, su kwanta a ciki kogi ya tafi da su, suna tsayawa a mashayun bakin ruwa, su dawo da yamma jajaye kamar an tsoma su a manja. Inna tana zaune a tabarmarta bakin rumfa, duk wanda ya ajiye tiyub zai tafi sai ta ce, "Ku sauka lafiya, a sake zuwa mana." Ba ta san su ba, su ma ba su jin abin da take faɗa.

Ɗakin Khamla shi ne mai kallon kogi. Na yi wa Inna magiya har na gaji kan ta bar ni in sa gadaje in riƙa saukar da baƙi kamar yadda maƙwabta suka yi. Ina! "Ɗakin yaro ne," in ji ta. Yaron da ya kusa arba'in! Ni da nake wanke ta, nake ba ta abinci a baki ran da hannun ya ƙi, a ɗakin bayan kicin nake kwana. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Sai ga saƙo a waya: "Yaya, muna zagaya ƙasashe ni da budurwata Tamsin, za mu biyo ta nan." Za mu biyo! Ka ji mini, sai ka ce mu masu sayar da ayaba ne a bakin titi.

Na je tarbarsa tasha. Da ƙyar na tsamo shi daga cikin Turawa: jaka a baya ta fi shi tsawo, ga wandon nan mai zanen giwa da babu ɗan gari mai hankali da yake sawa. Yana ta ɗaukar hoton duwatsun da ya yi kiwon baunar gida a gindinsu.

"Yaya! Kai, kin tsufa!"

"Kai kuma ka zama Bature. Kawo jakar mu tafi gida."

Ya sosa ƙeya. "Ai mun riga mun kama ɗaki a wani masauki. Kin san Tamsin tana son inda matafiya suke haɗuwa."

"Inna ta sa na shanya katifarka, na wanke gidan sauro."

"Za mu zo da safe mana, Yaya. Kar ki tayar da hankalinki."

Da safe aka yi basi. Maƙwabta suka cika gida, aka kafa tsibin ganyen ayaba da furanni a babban faranti, ga dafaffiyar kaza, ga ƙwai, ga shinkafa mai danƙo. Tsoho Thongsa, mai kiran kurwa a unguwarmu, ya yi ta jan addu'arsa. Kowa zaren kasuwa yake kawowa yanzu, ban da Inna. Audugar bayan gida ta sa na tsinko mata, ta zauna da mazari tana kaɗi da yatsun da ba su lanƙwasuwa, zare ya tsinke ta sake, har ta samu wanda zai isa ɗaura wa mutum biyu.

Ta lalubo hannun Khamla, ta shafa masa zaren a wuyan hannu tana cewa, "Dawo gida, auta. Duk inda ka maƙale, a jirgi ne, a teku ne, dawo, ga shinkafarka." Ta ƙulla. Ni shaida ce, hawaye ya zubo masa. Har na ji zuciyata ta yi sanyi, na ce ashe dai da sauran ɗan'uwana a cikin wandon giwar nan. Ta ɗaura wa Tamsin ragowar. Yarinyar ta naɗe ƙafafu yadda ya kamata, ta tallafe gwiwar hannu kamar yadda ta ga ana yi, ta kuma sa Khamla ya tambayar mata ƙa'idar zaren. Tsoho Thongsa ya ce a bar shi kwana uku, bayan nan a kwance da hannu ko a bari ya faɗi da kansa, amma ba a sa masa ƙarfe. Da bakinsa Khamla ya juya mata maganar zuwa Turanci.

Rana na yin tsaka suka karɓi tiyub biyu suka bi kogi.

Da yamma ya dawo rumfata yana warin giya. Mashayun nan suna da wata al'ada da suka sata wurinmu: duk kwalbar da ka sha sai su ɗaura maka zaren roba mai launi a hannu. Hannun Khamla ya cika da ja da kore da ruwan ɗorawa. Na Inna yana ƙasansu, ya jiƙe, ya yi dauɗa, ya sarƙe da igiyar agogonsa. Inna tana ciki tana hutawa. Ina ƙirga tiyub sai na ga ya ɗauki almakashin da nake yanka faci da shi.

"Kai! Ajiye!"

Ƙet! Zaren ya faɗi cikin laka.

"Khamla, me ka yi? Ba ɗazu aka gaya maka ba?"

"Haba Yaya, zare ne fa. Ƙaiƙayi yake mini, kuma zai ɓata mini agogo."

"Matar nan da yatsunta..."

"To ai Inna ba ta gani," ya ce, yana murza hannu.

Na so in kwaɗa masa tiyub a ka. Sai dai na tsince zaren na sa a aljihu. A ranar na tsani ƙanena, tsana ta gaske.

Washegari jirgin safe za su bi zuwa arewa. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta raka shi tasha. Na ɗauke ta a keke mai inji, muka tsaya bakin ƙofa, tunda mara tikiti ba ya shiga. Sai ga Khamla ya cire masu launin nan duka, ya ɗaura wani farin zaren roba na mashaya, yana kashe mini ido wai ya yi dabara.

Tamsin ce ta fara durƙusawa. Inna ta kama hannunta, ta taɓa ƙullin da ta yi mata, ta yi murmushi. "Yarinyar kirki. Bouakham, gaya mata na gode."

Khamla ya miƙa nasa. Inna ta sa babban yatsa ta murza zaren. Ta sake murzawa. Abu sumul, ba gargada ko ɗaya, ita kuwa ta san kowane wurin da nata ya tsinke ta haɗa. Ta daɗe riƙe da hannun, ni kuwa ina jira ta yi kuka ko ta zage shi, da na ji daɗi. Sai kawai ta saki.

"Inna, zan dawo ba da daɗewa ba," in ji shi.

Ta gyara zaninta, ta juya fuska wajen muryarsa.

"Ku sauka lafiya," ta ce, "a sake zuwa mana."

Ya yi dariya, ya sumbace ta a goshi, ya saɓa jakarsa ya bi layin Turawa. Ko a jikinsa.

Muna hanyar gida jirgin ya tashi, ƙararsa ta cika kwarin. Inna ba ta ɗaga kai ba. Sai da muka zo gada ta taɓa gwiwata.

"Bouakham."

"Na'am, Inna."

"Ɗakin nan mai kallon kogi. Ki sa gadajenki."