Shagon Taliyar Tsoho Qiao a Yanar Gizo

Bayan an gama makokin mahaifinta, Qiao Wenjuan ba ta koma ofis ba. Ta ɗauki kwamfutarta ta tafi shagonsa na taliya da ke wani lungu a Chengdu, ta sauke kujera ɗaya daga cikin waɗanda aka kifa a kan tebura, ta zauna.

Ita ta rubuta wa shagon ƙaramar manhajar da masu saye ke buɗewa a cikin manhajar hira ta wayarsu, su zaɓi abinci. Yanzu za a soke rajistar shagon, manhajar kuwa da rajistar aka ɗaure ta.

"Abin nan da kika yi wa babanki," in ji mahaifiyarta daga kicin, tana juye man barkono a kwalabe za ta raba wa maƙwabta, "shi ma rufewa za su yi?"

"Za su rufe, Mama."

"To ki ajiye shi wani wuri."

Wurin da Wenjuan ta sani shi ne yanar gizo. Akwai manhajar da ke tattara fayiloli ta ɗaure su dami guda, akwai kuma fulogi, wato ɗan ƙari da ake maƙala mata don ta mai da ƙaramar manhaja shafin yanar gizo. Ta sauko da shi, ta buɗe fayil ɗin saiti, ta nuna masa ƙofar shiga, ta jera masa shafukan: na abinci, na kwando, na biya. Ta ba da umarnin gina shafin. Jan rubutu na kurakurai ya cika allon.

Ta karanta shi daga sama har ƙasa, babu abin da ya zauna mata a kai. Tun a asibiti haka take. Ba ta yi kuka ba ko a wurin ƙona gawar, har wata gwaggonta ta riƙa kallonta ta gefen ido.

Ta kira Duan Lei, abokin aikinta.

"Yaya Wenjuan, kina hutu kina aiki? In shugaba ya ji wannan sai ya rataye hotonki a bango." Sai ya tuna dalilin hutun. "Yi haƙuri. Turo min in gani."

Ta tura masa hoton allon.

"Biyan kuɗi, da shiga da sunan mai saye, fulogin ɗin bai san su ba, na cikin manhajar hira ne. Ko ki rubuta musu madadi, ko ki cire."

"Zan cire."

"In kin cire, me ya rage?"

"Jerin abinci."

"To," ya ce. "Kin ci abinci dai?"

"Na ci."

Ba ta ci ba. Ta goge shafin biya, ta goge shiga da suna, ta goge taswirar da ke nuna wa masu babur ɗin kai abinci hanya. Ta sake gini. Wannan karon ya wuce, amma da ta buɗe sai farin shafi fayau. Ta zauna tana kallonsa. A waje wani ya ɗaga labulen roba ya leƙo, ya ga kujeru a kife, ya saki labulen.

Can ta lura adireshin tushe ne ba ta gyara ba, shafin yana neman fayilolinsa inda babu su. Layi ɗaya ne. Ta gyara.

Kwanukan taliya suka bayyana, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Mahaifin ne ya ɗauki hotunan da kansa, ya ƙi yarda a kawo mai hoto. Duk sun karkace, wasu sun yi duhu, a na taliyar naman sa har da gefen babban yatsansa.

Mahaifiyar ta fito tana goge hannu a jikin riga, ta sa tabarau, ta sunkuya.

"Wannan kwanon ai ya fashe tun bara," ta ce. Ta kai yatsa kan allon ta danna maɓallin saye. Da babu abin da ya motsa, ta ƙara dannawa.

"Ba ya aiki?"

"Babu inda saƙon zai je, Mama. Kallo kawai ake yi."

Mahaifiyar ta gyaɗa kai. Sannan ta ce akwai sauran taliya a firji, in ba a dafa yau ba za ta lalace.

Wenjuan ta ɗora shafin a yanar gizo, ta tura wa ƙanenta da ke karatu a Rotterdam adireshin. Ya amsa da hoton fuska mai hawaye. Ta duba, ta kifa wayar.

Suka ci a teburin da ke kusa da ƙofa. Gishiri ya yi yawa. Da suka gama Wenjuan ta wanke kwanukan, ta taya mahaifiyar ɗaukar kwalaben, suka ja ƙofar ƙarfen ƙasa suka fara rabon daga gidan maƙwabcinsu mai gyaran keke.