Akwatin Bakan Rafia

Masta Bawah mai walda ba ya cikin mutanen da ke cewa "na yarda" da baki. In ya yarda da abu, sai ya ƙera masa wani abu na ƙarfe. Ranar da ya amince matarsa Mamuna ta fara sayar da koko, murhu ya haɗa mata, magana ta ƙare. Shi ya sa da 'yarsa Rafia ta dawo daga shagon ɗinki ranar Juma'a da la'asar, ta tarar da dogon akwatin ƙarfe a tsakar gida yana ƙyallin koren fenti, sai murna ta kama ta, kafin ta gama zagaya shi kuma murnar ta koma ciki.

Shekara biyu ke nan tana zuwa unguwar Kwadaso duk Asabar koyon harbin baka a filin wata makaranta, uban bai taɓa tambayarta ko kibiya nawa ta harba ba. Jibi Lahadi za ta Akra, inda za a tace maharban da za su shiga gasa. Baka ɗaya gare ta a duniya, in ya lalace a hanya tafiyar ta zama yawon buɗe ido.

Akwatin dai ya yi kyau, ba a ƙwace wa Masta wannan. Amma ya kai ƙafa shida, an yi masa ƙugiyoyi a ciki don a rataye bakan a ɗane da tsirkiyarsa. Mamuna ta raɗa mata yadda aka yi: wata Asabar ruwa ya koro Rafia gida, ta rataye bakan a ɗane a bayan ƙofa ta shiga canja kaya, Masta ya lallaɓo ya auna ya mayar da tef aljihu. Kwana huɗu ya ture aikin mutane a Magazin, unguwar makanikai da masu walda, yana wannan.

Rashin sani ya fi dare duhu. Baka irin nata ba a barinsa a ɗane, kwance shi ake gida uku. Hannuwansa biyu kuma siraran katako ne da aka manne da gam, zafi ne babban makiyinsu. Akwati mai wannan tsawo ba inda zai shiga sai saman mota, awa biyar a rana, ƙarfe ya yi zafi kamar tandar masa. Kafin a kai Akra bakan ya murɗe.

Mamuna ta ce ta karɓa ta yi godiya, in an je tasha ta bar akwatin wurin wata ƙawa ta naɗe bakanta a zane, wa zai sani? Rafia ta juya shawarar, ta ji ba ta zauna mata ba. Tsoron ubanta take, gaskiya ne, ta ga yadda yake shiru na mako guda in an kushe aikinsa. Amma mutumin da ya auna a ɓoye don kunya, a ce ita ma ta yaudare shi a ɓoye, wannan ya fi mata ciwo.

Da Masta ya dawo daga masallaci ya zauna a benci yana yi kamar bai ga akwatin ba, sai Rafia ta shimfiɗa tabarma a gabansa ta kawo bakan a ɗane. Ta durƙusa ta yi godiya sosai. Sannan ta sassauta tsirkiyar ta cire, ta kwance noti biyu, ta jera mariƙi da hannuwa biyu a tabarma. Duka ba su wuce tsawon hannunta ba. Ta gaya masa zancen gam da zafi, idonta a ƙasa.

Mamuna da ke tankaɗe a gefe ta dakata. Masta ya dubi akwatinsa, ya dubi tabarma. Ya miƙa hannu ya ɗauki noti ɗaya, ya murza shi da babban yatsa, ya ɗaga shi ga haske.

"Wanda ya yanka wannan ya iya aiki paa," in ji shi.

Daga nan sai tambaya. Ina ya fi jin ciwo in ya bugu? Soso irin na kujerar mota zai riƙe shi? In aka yi akwatin da falangen katako, ƙarami, za ta iya ɗora shi a cinya har Akra? Rafia tana amsawa, hawaye na neman kunyata ta. Ya fito da tef ya auna kowane gutsure a gabanta, ya sa ta riƙe masa bakin tef ɗin. Babban akwatin kuwa ya ce a bar wa Mamuna ta zuba ludaya, ita ma ta huta da ƙorafin wurin ajiya.

Ya ce gobe kafin azahar sabon zai iso. Rafia ta ce ai gobe Asabar, tana Kwadaso har la'asar, gwajin ƙarshe.

Ya naɗe tef ɗinsa a hankali. "To can zan kawo. Ƙarfe nawa kuke fara harbi?"