Baƙin Ruwa da Lambun Yaya

Yana bakin tafki na biyu yana auna zurfi da sanda wayarsa ta yi ƙara. Saura taƙi ɗaya ruwan ya haura ganuwa.

Shekara goma sha tara ke nan yana tarbar baƙin ruwan da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin jujin gari. A tafkin farko ya zuba farar ƙasa, dauɗa ta kwanta. A na biyu inji ya yi ta kaɗa shi yana ba shi iska. A na uku ya ratsa yashi da ciyayi, sannan a sake shi rafi. Amma kwana uku ana sheƙa ruwan sama, injin kuma ya ƙone tun jiya.

"Mai Tafki, buɗe ƙofar rafi," in ji manaja ta waya.

"Ranka ya daɗe, ruwan nan ɗanye ne."

"Na sani. In ganuwa ta fashe, gidaje arba'in ne a ƙasanka. Kada ka wuce sha biyu."

Ya hau kekensa ya bi gaɓar rafi yana kira: kada a ɗiba, kada a shayar da dabba. Lambu na ƙarshe, wanda rafi ke malalawa cikinsa da ya cika, na yayarsa ne. Tun rasuwar mijinta da shi take ci.

Ya tarar da ita a tsugune tana tokare tumatir da kara.

"Auta! Tun daga nesa hancina ya ce mini kai ne," ta ce tana dariya.

Ya gaya mata, idonsa a ƙasa. Dariyar ta ɗauke.

"Sati ɗaya fa ya rage su nuna. Ba za a jira ba?"

"Yaya, ko awa biyu babu."

"Wa zai buɗe?"

"Ni."

Ta daɗe tana kallon kunyoyin, sannan ta goge hannu a zaninta.

"Gara kai. Wani ba zai tako ya faɗa mini ba." Ta miƙa masa kwando. "Tsinki manyan."

Suka yi ta tsinkar tumatir kore shar. Kwando biyu suka samu, ya kai mata kan tudu.

Sha biyu saura kaɗan ya kama ƙarfen ƙofar ya murɗa. Ruwan ya fita da ruri. Ya tsaya hannunsa a kan ƙarfen, yana bin baƙin ruwan da ido yana cinye jan ruwan rafi, har ya sha kwana.