Giyar Keken Ajimi

Ajimi ya jingine kekensa a rumfar Rabe mai gyara, a bakin kasuwar Dungas, ya zauna kan benci yana haki. Sai da numfashinsa ya daidaita ya ce maɓallin giyar ne ya ƙage. Ko ya danna ba ya motsi, sarƙa ta maƙale a giya mai nauyi, shi ya sa tun daga Dogo-Dogo yake fama.

Rabe ya kwance murfin ya leƙa. Tsohon giris ya haɗu da rairayi ya daskare kamar ƙaro. Ya zuba kananzir, ya bari ya jiƙa, yana sakacewa da tsinke. Ajimi kuwa bakinsa bai huta ba. Ɗansa Abdulwahab ya kafe sai ya daina yawon kasuwanni da huhun goro, wai tsufa ya zo, ya je likita ya zauna gida. Yaran yanzu ba su san komai ba. Keke ne ya gaji, ba shi ba.

Rabe ya zare wayar giyar, ya goge tsatsar, ya ɗiga mai ya mayar. Ya ɗaga ƙafar baya yana juya feda. Maɓallin ya riƙa ƙas-ƙas, sarƙar tana hawa tana sauka ba gardama.

"Ga shi, Baba. Yanzu ko jikanka ya hau tudu da shi."

"Ka faɗa wa Abdulwahab haka in ya zo," in ji Ajimi.

Da la'asar ya ɗaure sauran goronsa ya kama hanyar gida. A gindin tudun da ke bayan gari ya sa giya mafi sauƙi, fedar ta yi laushi ƙarƙashin ƙafarsa. Bai kai rabi ba ƙirjinsa ya ɗaure, daidai yadda ya yi da safe. Ya sauka, ya dubi gaba da baya. Ba kowa sai wata jaka tana kiwo.

Ya danna maɓallin, ya sake dannawa. Maɓallin lafiya lau yake.

Ya daɗe tsaye riƙe da keken. Sannan ya laluba aljihu ya ciro salula ya kira ɗansa.

"Abdulwahab, kana da mai a moto? Ina tudun nan. Ka taho da igiya, mu ɗaura keken a baya."