Zomon Damina

"Ashe mai wa'azin ma yana cin zomon damina."

Matar tela ce ta faɗi haka a wurin niƙa. Ba ta san ina bayanta ba, don ni ko a gidanmu sai a manta ina ɗaki. Mai niƙa ya ƙifta mata ido, ta juyo ta gan ni.

"A'a, 'yata, ke ce? Ya jikin Umman taki?"

Na ce da sauƙi. Na ɗauki robar garina na fita, kunnuwana kamar an zuba musu garwashi.

Na san da wa take, da Baba take. Baba maharbi ne tun kafin a haife ni, sai dai yanzu ƙafa ta hana shi nisa, gyaran keke yake yi a ƙofar gida. Doka ɗaya gare shi: daga ruwan farko har a yi girbi, ba a taɓa zomo. Ya ce lokacin suke haihuwa, in ka kashe uwa ɗaya ka kashe biyar. Bara ya tsinci tarkon tela a bayan gonaki, ya kai masa har shago, ya ɗora a kan keken ɗinki a gaban masu jiran kaya. "Malam, ga zarenka, ka manta a daji." Aka yi ta dariya. Tun ranar tela bai ƙara gaishe mu da baki ba, sai dai ya ɗaga hannu.

Bana Umma ta kwanta ciwo. Da za a sallamo mu daga asibiti, likita ta ce jininta ya yi ƙasa, a riƙa ba ta nama. Baba ya ce to.

Bayan kwana uku ya shigo da nama a leda. Da, in ya yi farauta, da fatarsa yake kawo mini zomo, ni ce mai fiɗa tun ina ƙarama. Wannan kuwa ba fata, ba kai, ba kayan ciki, an yanka gunduwa-gunduwa.

"Kaza ce?" Umma ta tambaya daga ɗaki.

"Ke dai ki ci, Hajiya. Da ina zuwa zance ina kawo miki nama, kin taɓa tambayata sunan akuyar?"

"Ji tsoho! Sau nawa ma ka kawo?"

Ta yi dariya har da tari. Rabon da in ji dariyarta ya fi wata.

Wadda ta feɗe zomo ya fi ɗari ba za a nuna mata ƙashin cinyarsa a ce kaza ba. Na gane, na yi shiru, na dafa. Umma ta sha romo, ta yi gumi, ta tashi zaune da kanta. Ni ma na ci. Nan ne wurin da ba na son faɗa. Na ci, na tsotse ƙashi, na kankare gindin tukunya da cokali. Sau uku ana haka, sau uku ina kankarewa.

Na huɗun ya zo ne washegarin maganar matar tela. Hadari ya haɗu, ga wani yana ta buga ƙararrawar keke a waje yana kiran mai gyara. Baba ya miƙo mini ledar ya juya da sauri. Yau bai gama aikin ba, ya bar fatar ciki. Ina sa wuƙa sai wani farin abu ya biyo bakinta.

Nono.

Na goge wuƙar a zanina da sauri, kamar ni aka kama. Na leƙa tsakar gida, ba kowa. Na wanke naman, na ɗora, na sa gishiri daidai. Da ya nuna na kai wa Umma. Sannan na ja mayafi na fita ta baya.

Sawun Baba ba ya ɓuya a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ƙafar hagu jan ta yake yi. Na bi shi har gindin wata ƙaya a ƙarshen gonaki. Ga tarkonsa nan an sake ɗana shi, da wayar birkin keke, irin wadda yake rataye a ƙusa a wurin aikinsa. Taku kaɗan daga nan, cikin ciyawa, na ga wani ɗan kwari da aka shimfiɗe da gashi. 'Ya'yan zomo ne a ciki, su huɗu. Biyu tururuwa ta riga ni. Sauran biyun na naɗe su a bakin mayafi, ko nauyi ba su da shi.

A hanya na hango matar tela tana kwashe shanya. Na bi ta bayan masallaci, na ƙara wa kaina tafiya.

Na sa su a kwalin sabulu bayan turmi. Na dama madarar gari, na ɗauko sirinjin da ake auna wa Umma magani, na riƙa ɗiga musu. Ɗaya ya mutu kafin la'asar, madarar na fitowa ta hancinsa. Na zauna a ƙasa da ɗayan a tafin hannuna, ban ma ji takun Baba ba. Ya shigo neman toka ne zai wanke baƙin mai.

Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi kwalin, ya dubi hannuna. Na sunkuyar da kai, sai ka ce ni na ɗana wayar.

Can ya durƙusa da ƙyar, yana dafa turmi.

"Ba haka ake ba su ba, Uwata. Kin kwantar da shi rigingine, shaƙewa zai yi. Kawo."

Ya karɓe shi, ya kifa shi a kan yatsunsa masu baƙin mai, ya riƙa ɗiga madarar a gefen baki, ɗigo ɗaya, ya jira, ɗigo ɗaya. Bai dube ni ba, ni ma hannun kawai nake kallo.

Daga ɗaki Umma ta ɗaga murya, murya mai ƙarfi irin tata ta da. "Wai ina mutanen gidan nan? Akwai sauran romon nan kuwa? Yau ya fi na kullum daɗi."

Tukunyar na kan murhu tsakanina da shi, da ɗan saura a ciki, wanda na rage wa kaina.

Muryata ta fito ƙasa-ƙasa.

"Baba, ukun da muka ci a baya, su ma suna da 'ya'ya?"